Wane aikin hannu zan kama don hankalina ya kwanta?

Ummu Sadik:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin masu ilimin abin. Aiki da hidimar gida sun hana kaina hutawa, dare ya yi kuma waya ce a hannu har barci ya gagara. An ce zane da ɗinki suna rage damuwa. Ni ko da'ira ban iya zanawa daidai ba, kuma ba ni da kuɗin fenti mai tsada. Da me zan fara, kuma tsawon wane lokaci a rana?

Mai Zayyana:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Rashin iya zane ba matsala ba ne, domin abin da ke kwantar da hankali shi ne maimaita motsi ɗaya a hankali, ko da abin da ya fito bai yi kyau ba. Shawarata ki fara da tawada da alƙalami, irin na masu zayyanar allo, amma a kan takarda. Haɗa tawadar ma rabin maganin ne.

Ki samo bagaruwa cikin tafin hannu biyu, ki cire ƙwallayen, ki daka ɓawon sama-sama. Ki zuba ruwa kofi biyu, ta kwana a jiƙe. Da safe ki tafasa har ruwan ya koma rabi, ki tace da tsumma mai tsabta. Sai ki jefa tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa kamar biyar, ki bar su kwana uku ko huɗu. Ruwan zai juye daga ruwan ƙasa zuwa baƙi, saboda sinadarin bagaruwa, wanda majema ke jima da shi, yana haɗuwa da ƙarfe. Ki cire ƙusoshin, ki narka ƙaro ƙaramin cokali ɗaya a ruwan ɗumi ki zuba, ki jefa kanumfari uku don ta jima ba ta yi fumfuna ba. A kwalba za ki ajiye, ban da gwangwani.

Inda ake samun matsala: ƙaro ya yi yawa, rubutu zai yi ƙyalli, ya yi danƙo da damina, takardu su manne. Ya yi kaɗan, tawada ta bazu a takarda kamar ruwa. Ƙusoshi suka daɗe a ciki, tawadar ta yi ƙarfi har ta ci takarda bayan lokaci. Kada ki tsorata idan layin farko ya fito fari-fari, yana ƙara baƙi idan ya sha iska. Kuma wannan ba tawadar rubutun sha ba ce, a nisanta ta da yara.

Alƙalami kuwa gamba ko siririn kara busasshe, a fiƙe bakin a karkace da reza, a ɗan tsaga tsakiya don ya riƙe tawada. Ki ja murabba'i mai faɗin santimita 10, ki raba shi gida 25, ki cike kowane gida da layuka ko ɗigo ko alwatika. Minti 20 ya isa. Ki ja layi lokacin fitar da numfashi, za ki ga hannu ya daina rawa.

Goggon Hula:
Malam ya yi bayani, Allah ya saka. Sai dai 'yata, mai yara ƙanana da kwalbar baƙar tawada a tsakar ɗaki, kin san sauran zancen. Ɗinkin hula ya fi sauƙin ɗauka da ajiyewa, ki soke allura ki tashi, ki dawo ki ci gaba daga inda kika tsaya.

Kada ki fara da cikakkiyar hula. Zanna Bukar ko kube mai cikakken aiki makonni take ci ko a hannun gwani, sabon hannu kuwa zai gaji ya jefar, ya ƙara wa kansa takaici. Ki nemi masu zanen hula su zana miki ƙyalle kamar tafin hannu, fure ɗaya tak, zare launi biyu. Tsawon zaren kada ya wuce daga yatsa zuwa gwiwar hannu, in ya fi haka sai ya riƙa ƙullewa yana yin gashi. Babban kuskuren masu koyo jan zare da ƙarfi: yadi ya tattare, zanen ya karkace, guga ba ta gyara shi. Nan ma za ki gane halin da kike ciki, ranar da rai ke ɓace ɗinki matsewa yake yi. In kin ga haka, ki sassauta kafaɗa, ki warware ɗinki biyar na ƙarshe kawai. Ki jiƙa guntun zaren a ruwa ki goga a farin ƙyalle kafin ki fara, musamman ja da shuɗi, don wasu suna zuba. A yi aikin da hasken rana, bayan La'asar ya fi, ɗinki a hasken waya ciwon kai yake kawowa.

Ma'aikacin Jinya:
Ƙari a kan abin da suka faɗa. A 2016 an yi wani ƙaramin bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka da mutum 39. Bayan minti 45 suna zane ko mulmula yumɓu, kusan kashi 75 cikin ɗari na mutanen sinadarin damuwa da ake kira kotisol ya ragu a yawunsu, kuma ba a ga bambanci tsakanin gwanaye da sababbi ba. Mutanen kaɗan ne, amma ya isa amsa tambayarki ta rashin iyawa.

Ki rubuta kwanan wata a bayan kowane aiki ki tara su a jaka ɗaya, ki duba bayan wata guda, a nan ake ganin ci gaba. Kada ki yi saurin ɗorawa a Facebook ko karɓar aikin kuɗi. Da zarar mai hula ya fara bugo waya yana cewa Sallah ta matso, hutun ya zama wani aikin.

Amma idan rashin barci, ƙin abinci ko ƙuncin rai sun kai mako biyu kullum, ko tunanin cutar da kai ya shigo, a ga likita. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Kaduna akwai na tarayya da ke Barnawa.

Ummu Sadik:
Na gode ƙwarai. Malam, wace takarda ce ta dace? Ta littafin makaranta za ta yi?

Mai Zayyana:
Ta yi siriri, tawada za ta huda ta baya. Ki sayi kwali fari na zane a shagon littattafai, ki yanka shi gida takwas. Ki gwada ɗigo ɗaya a gefe tukuna: in ya tsaya a dunƙule ya yi, in ya yi gashi-gashi ki ƙara ƙaro rabin cokali.