Ina son haɗa manhajar koyon girki don irinmu da muka zo Saudiyya ba mu iya komai ba

Bakatsinen Jidda:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma bari in fara da abin kunyar da ya jawo maganar.

Shekarata ta biyu ke nan a Jidda, ina aiki a wani shagon gyaran waya. A gida ni ne auta, mata biyar ne a gabana, don haka ko tukunya ban taɓa ɗorawa ba. Wata shida na yi a kan tamis (gurasar tanderu) da ful (dafaffen wake) da safe, kabsa (dafa-dukar Larabawa) da dare. Ran nan kewar tuwo ta kama ni, na shiga bakala, wato kantin unguwa, na sayi shinkafar basmati, tunda ita ce a ko'ina, na dafa, na ɗauki cokali na kama tuƙi. Awa guda ina fama, shinkafa ta ƙi haɗa kanta, kowace ƙwaya tana harkar gabanta. Na kira Inna ta bidiyo, ta leƙa tukunyar ta yi dariya har da hawaye, ta ce in ƙara ruwa in zuba sukari in sha. Daga baya wani maƙwabcinmu ya gaya mini ai shinkafar Masar ake saya, mai gajeren ƙwaya, ita ce mai danƙo.

To, da dare ina koyon Flutter, wato kayan aikin haɗa manhajar waya, kuma na ƙudurta manhajata ta farko ta zama ta girki, don gwauraye da ɗalibai da sababbin amare da ke nan ba uwa a kusa. Tsarina shi ne abinci kala 30, kowanne da jerin kayan haɗi a giram, da agogo mai ƙirga minti, da bidiyo. Me kuke ganin na manta? Kuma da wane abinci ya kamata mai koyo ya fara?

Hajiyar Sharar Mansur:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikata ce ke rubuta mini, ni dai baki ne nawa.

Shekara da shekaru ina dafa wa alhazai tuwo a Makka lokacin aikin Hajji, ban taɓa ɗora gari a sikeli ba. Wa ka gani da sikeli a ɗakin gwauro? Ka auna da abin da ke hannun kowa: ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, kofin shayi, ludayi, tafin hannu. In basmati ce, a wanke, a jiƙa kamar minti 20, gwangwani biyu na shinkafa a ba shi uku na ruwa. Wanda ya zuba mata ruwa irin na shinkafarmu ta gida, caɓi zai kwashe.

Agogon nan naka kuma ban yarda da shi ba. Wutar gas ɗina daban, ta ɗalibin da ke girki a kan ɗan rishon lantarki daban, tukunya mai kauri daban, marar kauri daban. In ka ce masa minti goma, zai tsaya yana kallon waya har ƙasan tukunya ya kama. Ka koya masa alama. Suyar kayan miya ba ta yi ba sai mai ya taso sama, ruwan ya tsotse, tsamin tumatir ya mutu, kuma za ka ji ƙarar ta sauya daga tafasa ta koma suya. Talge ba ya nuna sai ya yi kauri yana ɓulɓul yana tsalle, a nan ne ake rage wuta kada ya ƙona maka hannu. Albasa in ta fara ja a gefe-gefe, lokacin zuba na gaba ya yi. Kuka kuwa a rage wuta, a riƙa barbaɗawa kaɗan-kaɗan ana kaɗawa da maburgi, in ka juye ta gaba ɗaya gudaji za ka ci. Wannan shi ne abin da uwa ke nuna wa 'yarta a bakin murhu, kuma shi ne babu a cikin littattafan girki.

Sannan ka sa wurin gyaran ɓarna. Mai koyo dole gishiri ya yi masa yawa, dole ya ƙona. In shinkafa ta kama, kada ya kankare ƙasan, ya juye na saman a wata tukunyar. In miya ta yi gishiri, ya ƙara ruwa da kayan miya. In tuwo ya yi ruwa, ya ƙara gari ya sake tuƙawa ya rufe ya turara. Yaro in ya ɓata girki sau biyu ba wanda ya ce masa ga mafita, ya koma gidan abinci ke nan har abada.

Kuma don Allah ka gargaɗe su a kan zafin garin nan. A gida mun saba a bar tuwo ya kwana a yi ɗumame. A Makka da rani, zafi ya haura 40, miyar da ka bari a waje tun azahar kada ka amince da ita da dare. Da ta huce a sa a firij.

Kada ka fara musu da tuwo. Dafa-duka tukunya ɗaya ce, ita za su fara. Sai shinkafa da wake da mai da yaji, sai miyar tumatir. Tuwo ya zo a na biyar ko na shida.

Injiniya a Riyad:

Hajiya ta gama magana a kan girkin, Allah ya ƙara girma. Ni ɓangaren wayar zan taɓa.

Malam, rage kala 30 ɗin nan zuwa 8. Bidiyo ma ka ajiye shi tukuna. Abin da Hajiya ta kira alama, hoto ɗaya da murya sun ishe shi: hoton miya kafin mai ya taso, da hotonta bayan ya taso, gefe da gefe. Muryar minti ɗaya in ka matse ta da Opus (tsarin rage nauyin sauti) a 16 kbps ba ta wuce KB 120, ka ga duk darussan za su zauna a cikin wayar ba sai da intanet ba. Mataki ɗaya a fuska ɗaya, rubutu manya, maɓallin "na gaba" ya yi faɗin da za a iya dannawa da bayan yatsa, don hannun mai girki ko jiƙe yake ko da mai. Ka hana fuskar wayar mutuwa muddin ana cikin darasi.

Wurin bincike kuma ka kula da ƙ, ɗ, ɓ. Yawancinmu "kubewa" muke bugawa, ba "kuɓewa" ba. In manhajarka ta ce ba ta samu ba, an goge ta ke nan.

Ka fara da Android. Rajistar Google Play dala 25 ce sau ɗaya, wajen riyal 94, ta Apple kuwa dala 99 duk shekara. Sai dai sabon asusun mutum ɗaya sai ya yi gwaji da mutum 12 na kwana 14 kafin a bar shi ya saki manhaja ga kowa. Ka sa sunana a cikin sha biyun.

'Yar Karantina:

Yaya, ni a nan Jidda aka haife ni. Hausa nake ji tsaf, da ita muke magana da kakata, amma karatuna duk da Larabci na yi, wannan ma da ƙyar nake haɗa shi. Irina muna da yawa a Jidda da Makka. In boko zalla ka sa, ka bar mu a baya. Muryar da Injiniya ya faɗa ita ce tamu, ka kuma rubuta sunayen kaya da harafin Larabci.

Matsalarku ku baƙi ita ce ba ku san sunan abu a kasuwa ba, mu kuma ba mu san sunansa a bakin kakanni ba. Kuɓewa ita ce bamiya, lalo mulukiyya, gero dukhun, tsamiya tamar hindi, soɓo karkade, gyaɗa ful sudani, citta zanjabil. Na daɗe ina cin siriya a Jidda kafin in gane ashe tsire ne sunan ya rikiɗe. Daddawa da kuka da kanwa kuwa kada ka wahalar da mutum ya neme su a babban kantin Panda, ka ce masa ya nemi matanmu masu sayarwa a unguwa.

Ɗalibi a Madina:

Mu a masaukin ɗalibai tukunya ɗaya gare mu da wuta ɗaya, mu uku. Duk girkin da zai ce "a wata tukunyar kuma" ya fi ƙarfinmu. Ka sa a iya zaɓar na mutum ɗaya ko na uku, ma'aunin ya sauya da kansa. Da azumi kuma kunun gyaɗa muke nema ido rufe, a taimaka a sa shi cikin takwas ɗin.

Bakatsinen Jidda:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na cire giram, agogon kuma zan bar shi a matsayin tuni kawai, yana bugawa ya ce "je ka duba, mai ya taso?" Kunun gyaɗa ya shiga, Malam na Madina.

Hajiya, ina da roƙo. Muryata ba ta girki ba ce, ba wanda zai yarda da mutumin da ya tuƙa basmati. Ranar Juma'a ba na aiki, in kin ba ni izini in shigo Makka da waya in ɗauki muryarki kina dafa-duka daga farko har saukewa. Kayan miyan ni zan kawo.

Hajiyar Sharar Mansur:

Ka zo bayan la'asar, jikata za ta turo maka kwatance. Ka taho da muciya in kana da ita, don ba zama za ka yi kana riƙe da waya ba, kai za ka yanka albasar.