Ina da digiri, ina son zama lauya: dole sai na rubuta LSAT?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum, yayyena da malamaina. Na karanta kimiyyar siyasa, na fita da 2:1, saura wata uku in gama bautar ƙasa. Tun ina sakandare lauya nake son zama, makin JAMB ne bai kai ni ba. Da na shiga intanet ina bincike, duk inda na leƙa maganar wata jarrabawa ake yi wai ita LSAT, an ce ba a shiga makarantar lauya sai da ita. Da ita ake shiga ta Bagauda? In kuma ta ƙasar waje ce, yaya mutum zai shirya mata daga nan Kano, nawa kuma za ta ci?

Baristan Gyaɗi-Gyaɗi:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Suna ne ya zo ɗaya, amma hanya biyu ce. LSAT jarrabawar shiga makarantun lauya ce ta Amurka da Kanada. A Amurka ba a fara karatun lauya daga sakandare, sai mutum ya gama digirin farko a kowane fanni, sannan ya yi shekara 3 ya samu digirin da suke kira JD. Ita makarantar Bagauda reshe ce ta Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, mai hedikwata a Bwari, kuma ko ka ci 180 cif a LSAT ba wanda zai dube ta a can. Abin da suke tambaya shi ne LLB, wato digirin lauya, daga jami'ar da Majalisar Ilimin Shari'a ta amince da ita.

Don haka fara amsa wa kanka: a wace kotu kake son tsayawa? In a nan ne, hanyarka ita ce DE, wato shiga jami'a kai tsaye da takardar da ka riga ka samu. Za ka yanki fom ɗin DE na JAMB da digirinka, a ɗauke ka aji biyu, ka yi shekara 4 maimakon 5. Daga nan shekara ɗaya a Makarantar Lauyoyi, inda ake karantar da darussa biyar: shari'ar manyan laifuka, shari'ar ƙararrakin da ba na laifi ba, dokar kamfanoni, dokar kadarori, da ladubban aikin lauya. A tsakiya za a tura ka zaman kotu da zaman ofishin lauya, ka halarci liyafa uku ta dole, ka ci jarrabawar ƙarshe, a kira ka Bar, wato a tabbatar da kai lauya, a rubuta sunanka a Kotun Ƙoli.

Inda mutane ke faɗuwa ba a digiri ba ne, a takardar sakandare ne. Ɗauko WAEC ko NECO ɗinka yau ka duba: akwai kiredit a Turanci, Adabin Turanci da Lissafi? Adabin nan shi ke kayar da masu 2:1 har da masu daraja ta ɗaya, domin digiri ba ya goge rashinsa. In babu, ka zauna jarrabawar 'yan waje, wato WAEC ko NECO ta waɗanda suka riga suka bar sakandare, ta ƙarshen shekara kafin lokacin DE. Duba kuma kundin sharuɗɗan JAMB a kan jami'ar da kake so. Digirin BUK haɗaka ne na dokar Turawa da shari'ar Musulunci, saboda haka ka karanta abin da suka rubuta game da Larabci da Ilimin Addinin Musulunci da idonka, kada ka dogara da abin da yaron shagon rajista ya gaya maka.

Abu biyu kuma. Kada ka yarda da karatun lauya na yamma ko na ƙarshen mako, Majalisar ba ta karɓar irinsa. Sannan kowace jami'a tana da adadin ɗaliban da aka yarje mata ta tura Makarantar Lauyoyi duk shekara. Wadda ta ɗibi fiye da ƙima, ɗalibanta ne ke zaman jiran layi bayan sun gama. A farkon 2025 JAMB ta dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a jami'o'i 8 saboda hukuncin Majalisar. Ka tambayi adadin gurabe da yawan 'yan aji kafin ka biya ko sisi, kuma duk gurbin da bai fito a CAPS ba, wato shafin JAMB na bayar da gurbin karatu, ba gurbi ba ne.

Malamar Kabuga:

Barista ya gama da ta gida. Ni bari in ɗauki LSAT ɗin kanta, ko da wani mai karatu ita yake nufi.

Hukumar LSAC ce ke shirya ta. Maki daga 120 ne zuwa 180, matsakaicin mai zama yana faɗowa kusa da 150, manyan makarantu irin su Yale da Harvard kuma tsakiyar ɗalibansu ya haura 170. Ba a tambayar doka ko ɗaya a ciki, haddar kundin tsarin mulki ba za ta ƙara maka maki ba. Sashe huɗu ne, kowanne minti 35, da hutun minti 10 bayan na biyu. Biyu na auna hujja ne, ɗaya na fahimtar rubutu, na huɗun kuma na gwaji ne da ba a lissafa shi, sai dai ba za a gaya maka wanne ne ba. Akwai rubutun muhawara daban, minti 50, ba a ba shi maki amma ba za a saki sakamakonka ba sai yana ajiye a wurinsu.

Hattara da tsofaffin littattafan da ake turawa a WhatsApp ko ake sayarwa na hannu. Tun Agustan 2024 aka cire sashen nan na jera mutane a kujeru da zana jadawali. Duk littafin da rabinsa wannan ne, ɓata lokacinka zai yi. Buɗe asusu a LawHub, shafin atisaye na LSAC, akwai jarrabawoyin gaske na baya kyauta a sabon tsari, in ka cinye su sai ka biya kuɗin shekara a buɗe maka sauran.

Ga yadda zan tsara wa mai wata huɗu zuwa shida. Ranar farko ka zauna cikakkiyar jarrabawa da agogo ba tare da ka karanta komai ba, don ka san daga inda ka tashi. Wata na farko da rabin na biyu ajiye agogo gefe. Kowace tambayar auna hujja ka raba ta biyu: mene ne mai magana yake son ka yarda da shi, mene ne kuma dalilinsa? Ramin da ke tsakanin biyun nan, can amsar take.

Misali da abin da muka sani. Wani ya ce: "Shagunan Kantin Kwari da suka sa sola cinikinsu ya ƙaru, ashe sola na kawo ciniki." Ina ramin? Wataƙila gab da Sallah suka sa, lokacin da cinikin kowa ke tashi. Wataƙila masu ciniki ne dama suke da kuɗin sa sola, wato an juya sanadi da sakamako. In an ce ka raunana hujjar, ɗaya daga waɗannan za ka nema. In an ce ka ƙarfafa ta, sai ka nemi amsar da ta toshe su, kamar a ce maƙwabtansu marasa sola cinikinsu bai motsa ba a watan.

Na biyu, wanda ya fi cin mutane: rikita sharaɗi da garanti. "Ba mai shiga Bagauda sai mai LLB. Wane yana da LLB, don haka zai shiga." Ƙarya ne. LLB sharaɗi ne, rashinsa yana hanawa, amma samunsa bai wajabta shiga ba. Abin da ya halatta ka ciro kawai shi ne: wanda ba shi da LLB ba zai shiga ba. Wanda ya yi fiƙihu a zaure ya san wannan, alwala sharaɗin sallah ce, amma mai alwala bai zama ya yi sallah ba. Ƙananan kalmomin Turanci masu nufin "sai dai in", "kaɗai", "wasu" da "mafi yawa" su ne tarkon. A wannan jarrabawa "wasu" na iya zama mutum ɗaya tak, yana kuma iya zama kowa da kowa.

In tambaya ta ce wane zato ne hujjar ta dogara da shi, ka kore amsar da kake zargi. In ka kore ta hujjar ta rushe, ita ce. In hujjar ta tsaya da ƙafarta, wuce.

Daga wata na uku sai agogo ya dawo. Tambaya wajen 25 a minti 35, kowace ba ta kai minti ɗaya da rabi ba. Na farkon sashe sun fi sauƙi galibi, ka yi sauri a kansu don ka tara lokacin na gaba. Sashen fahimtar rubutu kashi huɗu ne, kowanne ƙasa da minti 9 har da amsawa. Ba a rage maki don ka yi kuskure, saboda haka kada ka bar gurbi ko ɗaya fanko. Bayan kowace jarrabawar gwaji, kafin ka duba amsoshi, ka koma kan duk tambayar da ka yi kokwanto ka sake ta a natse, sannan ka duba. Wadda ka gyara da kanka, matsalar lokaci ce. Wadda ka sake faɗi, ba ka gane ta ba ne, ita za ka rubuta a littafi da dalilin da amsar ƙarya ta ja ka. Masu zuba jarrabawa goma a mako ba bita, makinsu tsayawa yake wuri ɗaya. Ɗaya ko biyu a mako da bita mai kyau sun isa.

Kada ka je ka "gwada" ta gaske. Sau 5 aka yarda a cikin shekarun da ake lissafa maki, sau 7 a rayuwa, kuma makarantu suna ganin zaman da ka yi.

Ɗan Gwammaja:

Allah ya saka da alheri, Barista da Malama. Na duba, ashe D7 gare ni a Adabi. Malama, in mutum ya samu makin, me ya rage?

Alhajin Bompai:

Abin da ya rage shi ne mai tsadar, ɗana. Rajistar LSAT ta haura dala 200. Akwai kuma CAS, inda LSAC ke tattara takardunka, ita ma ta haura dala 200, sannan dala 45 kan kowace makaranta da za a tura wa rahotonka, ban da kuɗin fom ɗin makarantar. Wannan na ƙarshen ana yawan yafe shi in ka rubuta musu imel cikin ladabi ka faɗi makinka. Ba kowane zama ake buɗe wa 'yan ƙasashen waje ba, ka duba ranakunmu daban, kuma fasfo ɗinka ya kasance da rai, sunan da ke jiki ya zo daidai da na rajista harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya hana ka zama.

Takardar sakamakonka jami'arka ce za ta aika kai tsaye, ba a karɓa daga hannunka. Fara bin ta wata uku ko huɗu kafin ka buƙace ta. Digirin waje ba sa mayar da shi GPA irin nasu, daraja kawai suke ba shi, daga "mafifici" zuwa "ƙasa da matsakaici". Shi ya sa makin LSAT ya fi nauyi a kanka fiye da a kan ɗan ƙasa. Wasiƙar shaida biyu daga malaman da suka koyar da kai suka san rubutunka. Ta babban mutum da bai taɓa ganin aikinka ba ba ta da amfani a can, komai girman rawaninsa. Takardar bayanin kai shafi biyu ce galibi: abu ɗaya da ka yi da hannunka, ka faɗe shi dalla-dalla, ban da "tun ina yaro nake ƙin zalunci".

Ana buɗe fom a Satumba, ana shiga aji a Agusta mai zuwa, kuma suna ɗauka ne yayin da takardu ke shigowa. Wanda ya tura a Oktoba ko Nuwamba ya tarar da gurabe da kuɗin tallafi, na Fabrairu ya tarar da saura. Kowace makarantar da ƙungiyar lauyoyin Amurka ta amince da ita tana wallafa rahoto mai suna 509, a ciki akwai makin ɗalibanta da yawan tallafin da take bayarwa. Nemi wadda makinka ya haura na kashi 75 cikin 100 na ɗalibanta, nan ake samun ragi mai tsoka. Karanta sharaɗin tallafin, wani ana janye shi in makin karatunka ya sauka bayan shekarar farko. Manyan makarantu masu zaman kansu kuɗinsu ya haura dala 60,000 a shekara ban da ci da kwana, bashin karatu na gwamnatinsu kuma ba a ba baƙo. Dokokin biza a kan 'yan Najeriya sun tsananta tun 2025, ka karanta sanarwar ofishin jakadancinsu kafin ka kashe dalar farko.

Baristan Gyaɗi-Gyaɗi:

Ranka ya daɗe Alhaji, a ƙara masa da wannan lissafin. Mai JD in ya dawo gida ba zai sa hular gashi kai tsaye ba, sai ya yi Bar kashi na ɗaya na masu digirin waje, inda zai koyi dokokin Najeriya, sannan ya shiga kashi na biyu tare da kowa. Wanda kuma ya yi LLB a nan, in yana sha'awar Amurka daga baya, LLM, wato digiri na biyu a fannin lauya, zai nema: shekara ɗaya, ba a neman LSAT, kuma jihar New York tana barin irinsu su zauna jarrabawar lauyoyinta in sun cika sharuɗɗan darussa. Kuɗin shekara ɗaya ke nan maimakon uku, da lasisin gida a aljihu.

A ganina, ƙanena, da D7 ɗin nan za ka fara. Yi rajistar jarrabawar 'yan waje, nemo littattafan Adabin da ke manhajar bana, ba na shekarar da ka gama ba, domin ana sauya su. Sakamakon na fitowa ka kai cibiyar CBT a ɗora maka shi a shafinka na JAMB, ka tsaya a wurin har ka gan shi a allo kafin ka tafi.