Muhawara: Kayan fasahar jami'a, a baza su ko a kulle?

Malamar Tarihi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga magana na kawo, na kuma san za a yi mani ca. Duk jami'ar da ta tara zane-zane da tukwane da sassaƙa, ta kulle su a ɗaki ɗaya ta miƙa wa masinja makulli, ni a wurina ba ta da komai. A fito da su. A rataya a laburare, a zauren lacca, a barandar ofisoshi. In jami'ar na da haraba biyu ko uku, kowace ta samu rabonta. Ɗalibin lissafi ba zai taɓa ɗaukar ƙafa ya je ɗakin adana kaya ba, amma in zanen na kan hanyarsa ta zuwa aji, shekara huɗu zai yi yana ganinsa. Jami'o'inmu na nan jihar Katsina duk yara ne: Al-Qalam 2005, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa 2006, ta Dutsin-Ma 2011. Yanzu ne lokacin da za su ɗauki wannan hanya, tun ba su saba da wata ba.

Ɗan Ƙofar Sauri: Wa'alaikumussalam. Malama, a Katsina fa muke. Ki rataya zane a baranda a watan Disamba ki dawo a Fabrairu, ki gaya mani launin da kika tarar. Ƙurar hunturu ba ta san darajar kowa ba. Sai zafin bazara ya busar da fenti ya tsattsage, damina ta zo da feshi, gara ta ƙarasa firam ɗin. Wannan ba nunawa ba ce, kashewa ce a hankali.

Malamar Tarihi: To na Zariya fa? Duk wanda ya shiga Samaru ya ga sassaƙe-sassaƙen da ke tsaye a fili kusa da sashen koyar da zane. Suna nan shekara da shekaru, rana da ruwa. Garin da su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, tun kafin a kira wurin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Ɗan Ƙofar Sauri: Siminti ne da ƙarfe, Malama. Don waje aka yi su. Ni maganar takarda da ƙyalle da fata nake yi.

Hajiya Mai Ɗinki: Nan kam ɗan'uwa ya yi gaskiya. Rigar saƙi mai aska takwas, wadda mutum ya yi watanni yana aikinta da allura, ku rataya ta inda rana ke duka ta taga. Gefen da ke kallon taga zai koɗe, ɗayan ya tsaya da baƙinsa, kuma babu marinin da zai maido da ita. Kakata ba ta ajiye irin wannan sai a adaka, a naɗe, ana fiddowa ranar Sallah. Sai dai Malama ma ba ta yi ƙarya ba. 'Ya'yana sun fi sanin tutar ƙungiyar ƙwallo da sunan ɗinkin da ke wuyan rigar ubansu.

Tsohon Sito: Bari in sa baki, don na yi aikin sito a wata makaranta, ba zan kama suna ba. Ƙura ba ita ce babbar ɓarauniya ba. An ba da wani zane mai kyau aka rataya a ofishin wani babba. Da wa'adinsa ya cika, aka kwashe masa kaya, zanen ya bi mota tare da firij da darduma. Ban ce da gangan ba ne. Masu lodi sun gan shi a bango, suka ɗauka na oga ne. Da na je tambaya, aka ce ina takardar da ta nuna na makaranta ne? Babu. Shi ke nan magana ta mutu. Duk abin da aka rarraba a ofisoshi goma, ya zama na mutum goma.

Malamar Tarihi: Baba, ka ba ni hujja ba ka sani ba. Abin da ya rasa takarda ce, ba makulli ba. Da an ba shi lamba, an ɗauki hotonsa, an rubuta wanda ya yi shi da shekarar da inda yake rataye, wanda ya karɓa ya sa hannu, da kai ke da gaskiya a gaban kowa. Kuma ka faɗa mana tsakani da Allah: na cikin siton naka duk suna nan?

Tsohon Sito: Hmm. Rufi ya yi yoyo wata damina. Ba a gano ba sai bayan hutu.

Malamar Tarihi: Yauwa. Wanda ke bango in ya ɓata, washegari ɗalibi zai ce ina zanen nan. Wanda ke sito sai ya shekara da ruɓewa ana ƙirga shi a cikin dukiya.

Alaramma: Ku yi haƙuri, akwai gefen da ba ku taɓo ba. Mi za a baza ɗin? In mutum-mutumi ne, malaman Malikiyya sun bambanta. Surar mai rai da ke da inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, wannan sun hana. Wadda ke shafe a takarda ko bango an sassauta a kanta, wasu sun ce makaruhi ne. To a Katsina ka kafa gunkin mutum a ƙofar zauren lacca, ka san abin da ka tayar. Na biyu kuma ya fi damuna: allon zayyana. Na ga ana rataya shi don ado. Ayoyi ne a jiki. Baranda wurin kowa ne, da mai alwala da marar alwala, wani lokaci ma bangon banɗaki ne a bayansa.

Ɗan Daura: Allah ya gafarta Malam, maganar allo na yarda ɗari bisa ɗari. A sa shi a gilashi a laburare ko kusa da masallaci. Amma zayyanar kanta, wato zanen da ke kewaye da rubutun, ai ana iya yin ta ba aya. Maganar gunki kuma akwai abin dubawa. A ƙasar Katsina an haƙo mutum-mutumin yumɓu na mutanen da, 'yan'uwan na Nok da na Sakkwato. An yi ta haƙar su a ɓoye ana fitarwa waje, har a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan Afirka da ake gargaɗin kada a saya. Mu muna ƙyamar kallonsu, wasu na can suna cinikinsu. Wa ya yi asara?

Alaramma: Ban ce a fasa ko a sayar ba, ɗana. Ajiyewa don nazari daban, kafawa a hanyar jama'a daban. Irin waɗannan su ne na ɗaki mai makulli, mai buƙata ya shiga ya gani.

Malamar Tarihi: Wannan na bar wa Malam. Amma ku ji labarin zakaran tagulla na masarautar Benin. Sojojin Ingila suka kwashe shi a 1897, ya ƙare a wata kwaleji ta Jami'ar Kambirij, a ɗakin cin abinci. Ɗalibai na cin abinci suna kallonsa, har wata rana suka fara tambayar yaya aka yi ya zo nan. A 2016 suka matsa aka sauke shi, a Oktoban 2021 aka miƙa wa Najeriya. A wannan Oktoban na 2021 dai Jami'ar Abadin ta Sikotilan ta maido da kan tagulla na Oba, sarkin Benin, da ta saya a gwanjo a 1957. Da zakaran nan a akwati yake a ƙasan bene, ɗalibi nawa ne zai san da shi?

Ɗan Ƙofar Sauri: Tagulla ce, Malama. Kullum misalinki sai ya faɗa kan abin da gara ba ta ci.

Auta: 😂 Yaya ya riƙe garar nan gam. Ni ɗaliba ce, bari in faɗa maku yadda muke yi. In akwai zane mai kyau a bango, gabansa muke tsayawa ɗaukar hoto. Amma ba wanda ya san mai shi. Naira ashirin nawa muka kashe, kuma mu nawa ne muka san matar da ke bayanta Ladi Kwali ce, mai ginin tukwane, wadda jami'ar Zariya ta ba digirin girmamawa a 1977? In za a rataya, a rubuta bayani a ƙasa, da Hausa, har da ajami in zai yiwu. In ba haka ba ado ne kawai, ba karatu ba.

Baba Magini: Tun ɗazu nake karantawa ta wayar jikana. Ku duk kuna maganar abin da za a rataya a bango. Mu a da bangon ne zanen. Ana yaɓe, tun ƙasa na da danshi magini ke fitar da dagi da hannunsa, a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame. Ku je tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Balewa suka yi karatu. Ginin ƙasa ne, yau gidan tarihi ne. Ku ɗaga kai ku dubi hasumiyar Gobarau. Masallacin Juma'a na Zariya ma Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina bakansa da ƙasa da azara. Jami'a ta ba mu bango ɗaya a kowace tsangaya. Babu mai lodin da zai sa shi a mota.

Tsohon Sito: Wannan kam ko ni ba sai na ba shi lamba ba.

Hajiya Mai Ɗinki: To a raba mana: bango da tukwane da ƙarfe su fita waje, riga da fata da takarda a fiddo su zango ɗaya a gilashi, a mai da su su huta, a kawo wasu.

Ɗan Ƙofar Sauri: Wa zai riƙa fiddowa da mayarwa? Ma'aikaci ne, da albashi, da gilashi, da maganin gara. Ɗalibai na kukan kujera da ruwan famfo, sai shugaban jami'a ya shiga majalisa ya ce a ware kuɗin goge zane?

Malamar Tarihi: Kowane sabon gini ana ware masa kuɗin fenti da labule. A ciri kaɗan daga nan.

Baba Magini: 'Yata, nawa ma ba kyauta ba ne. Ginin ƙasa kowace shekara yana son yaɓe kafin ruwan fari, kuma yaran da suka iya fitar da dagi a unguwarmu ba su cika hannu ɗaya ba. In da gaske kuke, ku fara tambayar jami'ar ko za ta ɗauki magini ya koyar, ba tare da ta nemi takardar digirinsa ba.