Ina son tura ƙarin da na rubuta wa Moodle, me zan shirya?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ni ke kula da Moodle, manhajar darussa da gwaji ta intanet, a kwalejinmu. Ɗalibanmu da waya suke amsa gwaji, yawancinsu kuma babu ƙ, ɗ da ɓ a madannansu. Yaro ya san amsar "ƙwaro" ce, ya rubuta da k, na'ura ta ba shi sifili. Abin yana ci mini rai. Sai na rubuta wani ƙari (plugin), wato sabon nau'in tambaya, da harshen shirya manhaja na PHP, wanda ke karɓar amsar ko babu lanƙwasa. Yanzu ina son sa shi a ma'ajiyar Moodle don wasu makarantu su amfana. Me masu dubawa ke nema? Kuma in haɗa da fassarar Hausa a ciki?

Injiniya Mai Gilashi:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri. Fassarar kada ka sa ta. Fayil ɗin Turanci, wato lang/en, kaɗai ake so, in an karɓi aikin sai rubutunsa ya shiga AMOS, dandalin fassara na Moodle, can za ka fassara shi. Tun da nau'in tambaya ne, sunansa ya fara da qtype_, kuma ya yi daidai da wanda ke cikin version.php, fayil ɗin da ke ɗauke da sunan ƙarin da lambar sigarsa. Lasisi GPL na 3, kamar na Moodle ɗin kansa. Ka ajiye aikin a GitHub, shafin ajiye aikin manhaja, inda kowa zai gani, da wurin kai rahoton matsala.

Inda aka fi dawo wa mutane da aiki shi ne ma'adanar bayanai. Ka bi ta $DB, hanyar da Moodle ke magana da ma'adanar, domin dole ya yi aiki a ma'adanan MySQL da PostgreSQL duka. Sai bayanin sirri, wanda ya shigo a 2018 saboda dokar GDPR ta Turai: ko ba ka adana komai na ɗalibi, sai ka faɗi haka a fayil ɗinsa. Ka gwada adana kwas ka dawo da shi ma, ka ga ko tambayoyin sun dawo lafiya. Sannan haƙuri, layin dubawa kan ɗauki makonni.

Malamar Nahawu:
Ɗan'uwa, ni ina da ja. Ina koyar da ƙa'idojin rubutu, kuma a ajina wanda ya rubuta "baki" a gurbin "baƙi" bai ci ba. In na'ura ta yafe masa, yaushe zai koya? A darasin Kimiyya ko Tarihi na yarda. Don Allah ka bar wa malami zaɓi a kan kowace tambaya.

Ɗan Tudun Wada:
Gaskiyarki, Malama. Gajeriyar amsa ta Moodle da ma tana da zaɓin kula da babban baƙi da ƙarami, zan sa nawa kusa da shi: a karɓa, a ba da rabin maki, ko a ƙi. Injiniya, wannan zai ƙara gurbi a teburin ma'adanar bayanai, ke nan sai na taɓa install.xml (na sabon girkawa) da upgrade.php (na sabunta wanda aka riga aka girka) duka?

Injiniya Mai Gilashi:
Duka biyun, tun da yana kan sabar kwalejinku. Ka yi da editan XMLDB na Moodle mai tsara tebura, shi zai fitar maka da abin da za ka liƙa, kuma ka ɗaga lambar sigar da ke version.php.