Kudancin Tirol: Italiya ce ko ƙasar Jamusawa?

Mai Tuffa: Jama'a ku zo ku ji takaici. Shekara biyu ina fama da Italiyanci a Verona, na tafi aikin tsinkar tuffa wani ƙauye kusa da Merano a Kudancin Tirol, can arewacin Italiya. Na gaida mai gonar da "buongiorno", ya dube ni sheƙeƙe ya ce "Grüß Gott", gaisuwar Jamusanci. Allon hanya ma Jamusanci ne a sama. Wallahi Kudancin Tirol ba Italiya ba ce, ƙasar Jamusawa ce.

Bazazzagi: Jamusawa? Gyara bakinka. Yankin na Ostiriya ne har ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ce ta ba Italiya shi, aka ja iyaka a mashigar tsaunuka ta Brenner. Ina Jamus a nan?

Ɗan Fagge: Wane yare suke yi? Jamusanci. To Jamusawa ne. Ku mutanen Zariya kullum sai kun nuna mana boko.

Na Maraɗi: To mu da muke Hausa a Maraɗi 'yan Najeriya ne ke nan?

Ɗan Fagge: Ai Katsinawa ne ku, gudu kuka yi lokacin jihadi.

Na Maraɗi: Gudu? Sarautar Katsina ta asali tana wurinmu. Janye kalmar nan, ɗan'uwa.

Ɗan Fagge: To hijira. Ka huce?

Maman Biyu: Ku bar wannan. Mutanen Kudancin Tirol sun ga tasku a hannun Mussolini, mai mulkin Italiya na lokacin: an hana Jamusanci a makarantu, an sauya sunayen garuruwa, Sterzing ta koma Vipiteno. A 1939 shi da Hitler suka ce kowa ya zaɓa, ko ya tattara ya koma Jamus ko ya zama Ba'italiye. Sai 1972 suka samu cin gashin kai na sosai. Wanda aka yi wa haka dole ya riƙe gaisuwarsa.

Bazazzagi: Hajiya, kin ga dai ba su tafi duka ba. Kuma birnin Bolzano masu Italiyanci suka fi yawa.

Ɗan Inter: Jannik Sinner, gwanin wasan tanis, ɗan can ne, tutar Italiya yake ɗagawa. Magana ta ƙare.

Ɗan Fagge: Kai da ko ƙwallo ba ka iya zaɓen ƙungiya ba.

Mai Tuffa: Ni fa maganar gaisuwa na kawo.

Admin (Sabon Gari): An rufe. Abin da aka tsayar: Jamusawa ne, kamar yadda Ɗan Fagge ya faɗa tun farko, Hajiya ma ta ambaci Jamus da bakinta. Bazazzagi ya kawo shekara ɗaya tal. Na Maraɗi a ba shi haƙuri, amma gudun dai an yi shi.