Neman kalmar Hausa: me za mu kira halin da maganin karkarwa ke jefa mutum?

Jama'ar Sakkwato da masu karatu daga nesa, ina neman taimakonku kan kalma ɗaya, kuma ba don kwalliyar harshe ba. Likitoci suna da abin da suke kira *impulse control disorder*, wato mutum ya kasa hana kansa abin da ransa ke marmari. Na ga gidan da rashin sunansa da Hausa ya kusa wargazawa, gidan kawuna.

Kawu yana da ciwon Parkinson, wannan karkarwar hannu da nauyin tafiya da wani likitan Landan, James Parkinson, ya fara bayyanawa a 1817. Tushensa mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin. Aka ɗora shi kan pramipexole, ɗaya daga cikin magungunan da ke kwaikwayon aikin dofamin, irin su ropinirole da rotigotine. Karkarwa ta lafa, muka yi hamdala.

Bayan 'yan watanni, dattijon da ko tayin goro sai ya lissafa ya koma kullum yana babbar kasuwa. Tocila bakwai na ƙirga a kan gadonsa, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Da dare ya shimfiɗa tabarma ya kwance rediyo, ya jera ƙusoshin bisa faifai, ya ɗaura, ya sake kwancewa har a yi kiran assalatu. Daga baya matarsa ta gano kuɗin fanshonsa na zurarewa a cacar ƙwallo ta waya, shi da bai san sunan ƙungiya ko ɗaya ba. Wasu suka ce sammu, wasu suka ce ruɗin tsufa. Ba wanda ya kalli kwalin magani.

Dofamin ba motsi kaɗai yake kula da shi ba, shi ne kuma ke sa rai ya ji daɗin abu ya nemi ƙari. Maganin ya gyara ɓangaren motsi, ya ingiza ɓangaren marmari. Wani bincike da aka buga a 2010 kan masu Parkinson 3,090 a Amurka da Kanada ya samu wannan hali a wajen kashi 17 cikin 100 na masu shan irin waɗannan magunguna, da kusan kashi 7 a waɗanda ba sa sha. Caca, sayayya, cin abinci ba ƙoshi, matsananciyar sha'awa. Har masu shansa don ciwon ƙafafu masu hana barci yana taɓawa.

To, kalmomin da aka kawo mini zuwa yanzu.

Mafi yawa sun ce jaraba. Ta yi kusa, amma ku faɗa mini, wace mata ce za ta zauna gaban likita, ga ɗalibai a tsaye, ta ce mijinta jarababbe ne? Kalmar ta riga ta yanke wa mutum hukunci, kuma kunne na jin ta sai ya tafi wajen mata. Son zuciya ya fi ta muni, don zargi ne tsantsa. Wani ya ce maita, kamar yadda muke cewa mayen shayi. A bar ta can, a gidajenmu kalma ce mai raba zumunta.

Wani malamin islamiyya daga Mabera ya kawo waswasi, na kuwa daɗe ina juya ta. Amma mai waswasi tsoro ke tura shi, yana maimaita alwala don kada ta zama ba ta yi ba. Kawu ba tsoro ke korarsa ba, marmari ke jansa. Ciwo biyu ne, kada mu haɗa su a suna ɗaya.

Tawa shawarar daga bakinsa na ɗauko ta. Ranar da na same shi da rediyon na ce, "Kawu, mi ya yi zafi haka?" Ya daɗe bai ɗago kai ba, sannan ya ce, "Ɗana, ina gani ina yi. Awa doki yaƙ ƙwace mini." Don haka nake cewa kuɓucewar linzami. Ba sakin linzami ba, saki da gangan ne. Kuɓucewa tana nuna mahayin yana nan, da hankalinsa da kunyarsa, abin riƙon ne ya fita hannunsa. In ana son cikawa: kuɓucewar linzami ta dalilin magani.

Na gwada ta a kan matarsa. Ita da ta shafe watanni tana ɓoye zancen, da wannan kalmar ta iya buɗe baki a asibiti. Likita ya rage maganin sannu a hankali ya dogara ga levodopa, wani maganin Parkinson na daban, cikin makonni caca ta tsaya. Ina roƙo, kada kowa ya tsayar da irin wannan magani da kansa rana ɗaya. Yankewa kwatsam na kawo tashin hankali, zufa da baƙin ciki mai tsanani.

Saura guda da ta gagare ni: wannan kwance-ɗaura na rediyo da jera ƙusa, wanda likitoci ke kira *punding*. Wata 'yar'uwa ta ce "aikin ba-ƙarewa", ni kuma ina jin "kwance-ɗaura" ɗin ma za ta iya tsayawa da ƙafarta. Masu aikin jinya da ke nan, wacce majinyatanku za su fi ganewa?