An kira ni caji ofis kan rubutun Facebook, in je ko kar in je?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum jama'a. Shawarar wanda abin ya taɓa faɗawa kansa nake nema. Mako biyu ke nan na ɗauki hoton kwalbatin da aka fara a hanyar makarantarmu aka watsar, na sa a Facebook na rubuta "ina kuɗin suka shiga?" Ban kama sunan kowa ba. Da na ga ana ta yaɗawa, kwana uku na goge. Jiya aka kira ni a waya, wai DPO na son ganina ranar Litinin, an kai ƙorafi. Ba takarda, kira ne kawai. Albashina ta ƙaramar hukuma yake biyowa, kuma maiɗakina tana da tsohon ciki. In je ni kaɗai, in ɗauki lauya, ko in nemi manya su shiga tsakani?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Maza ka goge shi tun ba su gani ba.

Malamin Firamare: Baba ai na goge. Hotonsa suka riga suka ɗauka.

Ɗalibar Lauya: Malam kar ka je ba lauya. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har sai ka gana da lauyanka, kuma in sun tsare ka dole su kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kwana biyu. Abin da suka saba jingina wa mutane shi ne sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, mai ɗaurin da ya kai shekara uku ko tarar naira miliyan 7. To an gyara sashen a Fabrairun 2024, bayan kotun ECOWAS ta ce ya saɓa 'yancin faɗar albarkacin baki. Yanzu sai an nuna ka san ƙarya ce ka yaɗa don ta da fitina ko barazana ga rai. Tambaya kan kwalbati ba ta kai nan ba.

Direban Tifa: 'Yar uwa, duk wannan a takarda yake. Ni na shiga na gani. Nawa ma ba rubutu na yi ba, na wani na tura a zauren WhatsApp na unguwa. Aka ce in zo minti biyar za a yi. Ranar Juma'a ce bayan la'asar, kuma da gangan suke zaɓar Juma'a, sun san ba kotu sai Litinin. Ina shiga aka karɓe waya da takalmi. Aka miƙo takarda da biro, rubuta. Na rubuta abin da na sani, aka yaga, wai bai yi ba. Litinin aka kai ni gaban majistare, ko maganar dokar intanet ba a yi ba, ɓata suna da tunzura jama'a aka karanta mini a ƙarƙashin Penal Code, dokar laifuka ta Arewa. Aka ce a ajiye ni gidan yari kafin a duba beli. Kwana 19. Mahaifiyata ta sayar da tumakinta biyu. Mai motar da nake tuƙawa bai jira ni ba, na fito na tarar da makulli a hannun wani. Wanda ya kai ƙarar ko sau ɗaya bai taka kotun ba, sau huɗu ana ɗagewa har aka kori shari'ar. Wai na yi nasara ke nan. Har yau in na ji jiniya cikina sai ya juya.

Uwar Biyu: Innalillahi. Allah ya saka maka ɗan uwa.

Direban Tifa: Amin Hajiya. Abin da ya fi ci mini rai, cikin mutum sama da ɗari na zauren nan biyu ne suka leƙo ni. Wanda ya yi rubutun na asali kuwa ɗan wani ne, ko kiransa ba a yi ba.

Mai Gyaran Waya: Nawa lauyan ya ci?

Direban Tifa: Dubu 150, ban da kuɗin mai duk zama.

Uwar Biyu: Kai! An dai yanke ka. Ƙanena dubu 30 ya bayar, lauyan ya raka shi caji ofis, kafin azahar suka fito tare.

Mai Gyaran Waya: Dubu 30 a wace shekara Hajiya? Ni an ce mini dubu 80 rakiya kawai.

Ɗalibar Lauya: Rakiya daban, tsayawa a kotu daban, shi ya sa kuke jin saɓani. Akwai kuma Legal Aid Council, kyauta suke tsaya wa marasa ƙarfi. Beli ma kyauta ne.

Sarkin Zolaya: Ƙwarai kyauta ne, ai a bango ma an rubuta. Biron cike takardar ne dai ake haya dubu 20.

Tsohon Kurtu: Shekara 35 na yi da kaki. Malam, ka samu mai unguwa da liman su je wajen wanda ya kai ƙorafin tun kafin Litinin. In mai ƙorafi ya janye, magana ta mutu. Ka shiga da lauya kana karanto sashe, ka mai da ƙaramar magana babba. Yarinyar nan ko makarantar ba ta gama ba.

Ɗalibar Lauya: Baba da girmanka, haƙurin me zai bayar? Kwalbatin an gama ne? In ya je ya durƙusa ai ya amsa laifin da bai yi ba.

Tsohon Kurtu: 'Yata, ba ke za ki kwana a bayan kanta ba. Kuma ba ke za a mayar makarantar da ba hanya ba.

Direban Tifa: Ni ma manyan na tura ai. Suka sha lemo suka dawo.

Mai Gyaran Waya: Wai hukuncin ECOWAS ɗin wa ya taɓa bi? An rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022, sai da aka buɗe da wata shida sannan kotun ta ce rufewar haramun ce. Ihu bayan hari. Mu da ke sayar da kaya a can wa ya biya mu?

Baban Yara: Twitter ma kake ji. A Satumbar 2021 layin waya gaba ɗaya aka katse a Zamfara. 'Yata tana aure a can, makonni ban ji muryarta ba.

Uwar Biyu: Kuma gyaran 2024 da ake yabo, ba a cikinsa aka cusa harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan tura kuɗi ba? Sai da aka yi ca aka dakatar. Naira 50 ɗin nan kuwa in kuɗi ya kai dubu 10 ana nan ana zaftarewa.

Sarkin Zolaya: Tunda hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kashi 50 kan kira da data a farkon 2025 ni na shiryu. Ba tsoron DPO ba ne, datar zagin gwamnati ce babu.

Malamin Firamare: Jama'a na gode, amma Litinin jibi ce. Tunda ba takarda aka ba ni ba, in na ƙi zuwa me zai faru?

Mai Gyaran Waya: Sarki wane layi kake amfani da shi? Nawa giga biyu ko kwana uku ba ya kaiwa, kuma ko bidiyo ba na buɗewa.